Jirgin Bilanguwa zuwa Darak: wanda nake shiga da dalilina

Sana'ata sayar da kayan kamun kifi ce. Rumfata tana Kuseri, ina ajiye kalli da birgi da zare da ƙugiya da dalma, kuma da yake masunci ba ya barin ruwa lokacin da kifi ke gudu don ya zo gari neman ƙugiya, ni nake bin su da kaya. Tun ina yaron shago nake shiga jiragen da ke tashi daga kwatar Bilanguwa, su gangara kogin Shari, su faɗa Tafkin Chadi, wasu su nufi Kofiya, wasu Darak. 'Yan'uwa 'yan kasuwa daga Marwa da Garwa masu son gwada wannan hanya sukan tambaye ni wanne za su shiga, tunda a idon baƙo duk jiragen kamarsu ɗaya. Ni na wani dattijo ɗan Kotoko nake shiga, wanda yaro da babba ke ce wa Baba. Jirginsa ba shi ne sabo ba, ba shi ne mai gudu ba, kuma akwai abubuwan da nake ƙi a cikinsa waɗanda zan faɗa ba tare da kara ba. Duk da haka, in na iso kwata na tarar ya tashi, gara in kwana Bilanguwa in jira shi.

Kafin jirgi akwai hanya, ita ma sai an shirya mata. Daga Kuseri kwalta za ta kai ka Maltam, daga can sai turɓaya da rani, da damina kuwa baƙar lakar nan mai riƙe taya. In ruwa ya zauna sosai babur kaɗai ke wucewa, wani wurin shi ma sai an ɗora shi a kwale-kwale. Wanda ya fito da asuba yana sa ran riskar jirgin safe a ranar, ya ƙaddara zai kwana.

Jirgin Baba ba shi da ƙarfe nawa. Ɗan kamasho zai ce maka yanzu za a tashi, ka shiga ka zauna, rana ta ɗago, a loda buhunan masara, a sauke su a sake jerawa, a jira wata Hajiya da ta aiko a ce tana tafe. Da hunturu ina yi musu uzuri, domin iskar arewa da hantsi take tsananta, Baba kuma ba ya son ya fito fili lokacin da igiyar ruwa ke dukan gefen jirgi mai lodi. Yakan ja lokaci da gangan don ya iske ta lafa. Amma a watan Mayu, da babu iska sai zafi mai narka mutum, jiran nan ba shi da wani suna sai neman ƙarin kai biyu ko uku.

Kuɗin mutum ɗaya duk jiragen kwatar bakinsu ɗaya, kuma yana bin farashin jarkar fetur ne sau da ƙafa. Injinan nan zuwa-zuwa suke sha, man da ke shigowa daga Najeriya, shi ya sa da Tinubu ya cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, ba a jima ba kuɗin jirgi ya hau, har yau kuma bai sauko ba. Inda ake cutar baƙo shi ne kuɗin kaya. Babu sikeli, ɗan kamasho da ido yake aunawa, idon nasa kuwa rigarka yake fara kallo kafin buhunka. A yi ciniki a ƙasa kafin kaya su hau, a kuma faɗi ko da sefa ne ko da naira, don ana karɓar duka biyun, canjin da za a yi maka a tsakiyar ruwa kuwa ba zai yi maka daɗi ba.

Jirgin kansa na katako ne, dogo, an toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta, injin Yamaha mai doki 40 a baya. Benci babu, sai katakan da aka gicciya da kuma buhunan mutane. Mata da yara a tsakiya inda ruwa bai cika fantsamowa ba, maza a gefe, awaki da babura a gaba. Akwai yaro guda da aikinsa kwarfar ruwa da yankakkiyar jarka tun daga tashi har sauka. Wannan kada ya tsorata kowa, duk jirgin katako yana tsiyaya. Abin da ya kamata ya tsorata mutum shi ne lodi. Ranar kasuwa nakan miƙa hannu daga inda nake zaune in taɓa ruwa ba tare da na sunkuya ba. Rigunan ruwa kuma ba su kai yawan yaran da ke ciki ba, balle manya, kuma a ƙarƙashin kaya suke, inda in abu ya faru ba wanda zai kai gare su. Na yi wa Baba maganar, ya ce, "Alhaji, ruwan nan wurare da yawa ko wuyanka bai kai ba." Gaskiya ce ta wani ɓangare, tafkin ba shi da zurfi, da wuya ka sami inda ya wuce mita 3 ko 4 a wajenmu. Amma jariri ba shi da tsayina, kuma bakin Shari ba tafki ba ne. A nan ban yarda da shi ba, ba kuma zan yarda ba.

Farkon tafiyar babu wuya. Kogi ne mai faɗi, Chadi a hannun dama, Kamaru a hagu, mata suna wanki a duka gaɓoɓin biyu suna kiran juna da Larabcin Shuwa. Wani lokaci a ga dorina ta fito da kunnuwa, Baba ya rage wuta ya ba ta wuri, don ta fi kada haɗari ga jirgi. Shi a wannan ruwa ya buɗe ido. Kakanninsa masu zemi ne, manyan jiragen Kotoko na da, waɗanda ake ɗinke katakansu da igiya, da wata ƙatuwar koma mai kusurwa uku a goshi da ake tsomawa a ɗago. Zaren roba da inji suka kashe su. Ta wannan kogi ne kuma Bafaranshen nan Emile Gentil ya gangaro da ƙaramin jirginsa mai hayaƙi har ya shiga tafkin a 1897, bayan shekara uku ya dawo da sojoji, aka kashe Rabe a Kuseri ranar 22 ga Afrilu 1900. A wannan yanki na tafiyar ko yaron inji zai iya riƙe jirgi, kuma sau da yawa shi Baba ke bar wa, ya zauna yana shan shayinsa.

Inda kuɗinka ke aiki shi ne bayan an bar kogi.

Baƙo yakan zaci zai ga ruwa iya ganinsa. Abin da zai fara gani ciyawa ce: burugu, kacalla, dogayen iwa da suka fi mutum tsawo, bado da kainuwa sun rufe fuskar ruwa, da 'yan hanyoyi siriri da suka rarrabu, kowacce kamar 'yar'uwarta. Wata za ta kai ka fili, wata ta kai ka inda farfela za ta naɗe ciyawa inji ya mutu, wata kuma jiya a buɗe take, yau a toshe. Domin akwai tarin ciyawa mai yawo a kan ruwa, wani ya kai girman gona, har da 'yan itatuwa a kansa, iska ta kwashe shi da dare ta kai shi bakin hanya ta ajiye. Babu alama, babu taswira, waya ma sau da yawa ba ta kamawa.

A nan ne Baba ke karɓar inji, jikansa kuma, wani saurayi siriri da bai cika magana ba, ya miƙe a goshin jirgi da doguwar gora. Ba sa yi wa juna ihu. Yaron ya tsoma gora ya ji ƙasa, in yashi ne ya ɗaga hannu, in taɓo ne ya karkata kai, Baba ya bi. Na taɓa zama kusa da shi na ce ya nuna mini abin da yake kallo. Ya ce, "Kawu, dubi inda ciyawa ta kwanta. Ruwan Shari ne ke tura ta, inda ta kwanta akwai hanya. Inda ta tsaya cak, ruwan kwance ne." Ya nuna mini launin ruwa, jan da ya taho daga kogi da baƙin da ya daɗe cikin ciyawa. Ya ce inda ka ga zalɓe tsaye kada ka nufa, ƙafarsa ƙasa take taɓawa. Inda kwasakwasa ke iyo, jirgi zai wuce. Na duba iya dubawata, ni dai ciyawa nake gani.

Mun sha wuce jirage masu sabon inji mai doki 75 sun kafe, fasinjoji maza sun tuɓe sun shiga ruwa suna turawa, matsattsaku na kama su, mata a ciki suna kore boɓuwa da gyale. Jirgin Baba ma yakan kafe, ƙarya ne a ce ba ya yi, amma nasa na ɗan lokaci ne, a ɗaga inji a cire ciyawa, a tura da gora a wuce. Ban taɓa kwana a ruwa a cikinsa ba, a wannan zamani kuwa kwana a ruwa ba abin wasa ba ne.

Dalilin da ya sa sanin hanya ya fi inji a tafkin nan shi ne ruwan ba ya zama wuri ɗaya. A rediyo kullum labari ɗaya ake ba mu: a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, fari ya zo a 1973 ya raba shi biyu, kwarin arewa da na kudu, na 1984 ya ƙara, har ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Duk an yi. Mahaifina ya ga garuruwan da suke bakin ruwa sun wayi gari ruwan ya yi musu nisan yini. Sai dai labarin a can ake tsayar da shi, kamar tun daga lokacin tafkin mutuwa yake ta yi. Mu da muke shiga mun san kwarin kudu bai ƙafe ba, shekarun nan ma ƙaruwa yake. A 2022 da 2024 ruwa ya ci unguwanni a Kuseri da Injamena, a tafki kuma ya hau gonakin da aka shekara talatin ana nomawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin Shari da Lagon ne ke kawo shi, daga ruwan saman da ya sauka can Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa, kuma sai ya yi watanni a hanya. Shi ya sa abin yake a juye: tafki ya fi cika a sanyin Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka, ya fi janyewa a Yuni da Yuli da damina ta kama. Hanyar da aka bi a Disamba, a watan Afrilu gonar masara ce. Jikan Baba yana riƙe da duk wannan a kansa, wata bayan wata, kuma kowace shekara sai ya sake koyo.

Maganar jawo ruwa daga kogin Ubangi a zuba a Shari ba ta rasa tashi a jirgi, musamman in akwai malamin makaranta a ciki. Wani zai kawo tarihin hukumar tafkin da Ahidjo da Tombalbaye da Diori da Tafawa Ɓalewa suka kafa a Fort Lamy, wato Injamena ta yau, ranar 22 ga Mayu 1964, wani ya ce tun yana yaro ake wannan alkawari. Na ji wani manomi daga cikin tumbu, wato tsibirin tafki, ya ce su riƙe ruwansu, don in tafki ya koma yadda yake a da, gonarsa da ta maƙwabtansa duk suna ƙarƙashinsa. Ba wanda ya ba shi amsa. Ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari ba ta son taki, masara da wake da dankali da kuɓewa da rake duk suna yi, kuma mutum ɗaya ne masunci da sanyi, manomi da bazara, ga Shuwa da Fulani sun sauko da shanu cin burugu. Wurin da ke ciyar da mutum uku ba ya rasa rigima, amma yana ciyar da su.

Wani abin da ya sa nake ganin girman Baba shi ne yadda yake bi da kayan masunta. Ko'ina a hanya akwai kalli a shimfiɗe, da mamari, da dumba, wato jerin gurar Mali da ake tare hanyar kifi da ita daga wannan gefe zuwa wancan. Wasu direbobin kan bi ta kai su tsinke, su ce ai ruwa na kowa ne. Ni da nake sayar da zaren na san kuɗin da mutum ke rasawa a wannan tsinkewa ɗaya, da bashin da ke kansa. Baba yakan rage wuta, ya ɗaga inji, a wuce da gora. Yana cin lokaci, fasinja masu sauri suna tsaki. Amma saboda haka ne ko'ina ya tsaya ake miƙo masa tarwaɗa ko karfasa, kuma masuntan ne ke gaya masa hanyar da ta toshe da dare.

Jirgin kuma ba mutane kaɗai yake ɗauka ba. Akwai wata tsohuwar jakar fata a ƙarƙashin mazauninsa, cikinta kuɗin da aka ba shi ya kai wa iyali, maganin da aka rubuto daga asibiti, wayar da aka kai gyara, goron ɗaurin aure. Ba ya rubutu, ban kuma taɓa jin an ce saƙo ya ɓata ba. A tumbunan nan za ka ji Hausa da Barbarci da Larabci da Kotoko da Musgum da Masa, ga 'yan Mali, ga Jukunawa, ga Buduma masu shanun kuri da manyan ƙahoninsu kamar tulu, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Hausa ce ke haɗa ciniki. Namu mutanen, Kabawa da Haɗejawa da sauransu, wasu kifi ya kawo kakanninsu, wasu hanyar Makka ce ta ƙasa ta biyo da su suka yada zango ba su tashi ba. Nawa kakan yana cikin na biyun. Na ga ranar da aka ɗago wata mai naƙuda daga wani tumbu a kan tabarma, Baba ya sa aka kwashe buhuna aka yi mata wuri, ya ce wa uwar mijin, "Iya, mayar da kuɗinki," ya juya jirgi ba tare da ya tambayi kowa ba. Mun yi asarar rabin kasuwa a ranar, ba wanda ya buɗe baki.

Batun tsaro ba sai na tsawaita ba. Tun da Boko Haram suka shiga tsibiran, musamman bayan harin da suka kai Darak a watan Yuni 2019, akwai wuraren da jirgi ke tsayawa sojoji su duba mutane da kaya, akwai hanyoyin da aka daina bi, kuma ba a tafiyar dare. A riƙe katin shaida a aljihun gaba cikin leda. Mai ɗauke da fetur da yawa ko magunguna ko taki ya tanadi takardunsa da bayaninsa. Baba ba ya ɗaukar wanda ba shi da kati, ko nawa zai biya, kuma in la'asar ta yi bai kama hanya ba, ya fasa ke nan sai gobe.

Darak kanta ruwa ne ya yi ta. Da tafki ya ja baya a shekarun fari, masunta suka bi shi, yawancinsu daga Najeriya, suka kafa gari a inda da ruwa ne, hukumar Najeriya ta biyo su da makaranta da 'yan sanda. Kotun duniya ta yanke a ranar 10 ga Oktoba 2002 cewa ƙasar ta Kamaru ce, a Disamba 2003 aka miƙa ta tare da ƙauyuka sama da 30. Tuta ta canja, mutanen suna nan, naira ma tana nan. Saukar dai ta danganta da wata. Da sanyi jirgi zai kai ka har bakin kasuwa. Da bazara zai tsaya nesa, ka naɗe wando ka taka, ko ka biya yara su ɗauki kaya, ko amalanke. Wannan kuɗi daban ne, ba ya cikin na jirgi, kuma ba wanda zai gaya maka sai kun iso.

Dawowa ta fi wuya ga mai ƙyanƙyami. Jirgin cike yake da kwalayen banda, a kansu za ka zauna, warin hayaƙi kuma zai bi rigarka har gida. Ana hawan kogi ne, don haka ta fi tsawo kuma ta fi shan mai. Tamfol ɗin Baba ya tsufa, ya yayyage, duk mai sukari ko gishiri ko atamfa ya sayi ledarsa a Bilanguwa ya naɗe kayansa da kansa. Ni zarena ba ya tsoron ruwa, amma ƙugiya tana tsatsa. A zo da ruwan sha. Na tafkin ba shi da gishiri, mutanen wurin suna ɗiba su sha, amma cikin baƙo ba zai ɗauka ba, ga tsargiya ga mai yawan shiga. Abinci ba matsala, a kwata akwai soyayyen kifi da gurasa da dafaffiyar masara, a hanya ma yara kan matso da ƙananan kwale-kwale suna tallar rake. Babu rumfa, babu makewayi, mai tafiya da tsoho ko mara lafiya ya yi lissafin wannan tun a gida. Wanda yake da zaɓi ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya guji ranar kasuwa in ba ciniki ya kawo shi ba, kuma in yana da yara ya sayo musu rigar ruwa daga Kuseri ko Injamena.

Abu ɗaya nake sa wa ido. Idon Baba ya fara rauni, yanzu rabin aikin a hannun jikan yake, shi kuwa yaron ya gaya mini yana tara kuɗin babur, yana so ya koma Kuseri ya yi acaɓa, don a cewarsa abokansa da ke yi sun fi shi samu kuma suna kwana a kan katifa. Na ce masa ya bari sai bayan sanyi mu yi magana, ko kamasho ne ya riƙa karɓa a kan kayan da nake aikawa cikin tumbu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Don haka wanda ya je kwata ya duba goshin jirgin tukuna: in ya ga siririn saurayin nan da gorarsa, ya shiga. In wani ne a wurin, ya tambayi masu ɗaurin banda wanne suke ba kayansu a wannan watan.